Icen Da Ya Tsere Wa Wuta

Tsoho Tsongo bai taɓa riƙe igiyar awo ba.
Ya dube ni daga dunduniya zuwa kafaɗa,
ya ce, "Durƙusa." Na durƙusa.
Ya ce, "Miƙo hannu." Na miƙa.
Shi ke nan, ya gama auna ni.

Kwana uku yana kokawa da gungumen turare
a bayan kasuwar Birere,
adda ɗaya, gizago ɗaya,
ƙusoshi cikin gwangwanin madara.
Ya fafe ƙafa biyu daga ice mai taurin kai,
ya yi musu takalmi da tsohuwar tayar mota,
ya kafa ƙaho biyu a gaba, irin na bijimin Masisi,
ya buga rabin silifa a kan allon,
ya ce, "Nzanzu, a nan gwiwarka za ta tsufa."

Ba sarƙa, ba feda, ba ƙararrawa.
Birki kuwa, dunduniyata ce da guntun roba.
Cukudu muke ce masa a Goma,
don haka yake faɗi in ya hau baƙin dutse,
cu-ku-du, cu-ku-du,
kamar mai tari yana kiran sunan kansa.

Shekara shida muna tare.
Asuba ta same mu a Kibumba,
dankali buhu biyar, kabeji a sama,
mu gangaro iska na yanka mini kunne.
Gangara ce take biyana,
hawa ne yake karɓe bashinsa da riba.
Masu mota su leƙo ta taga su ce,
"Kauce da itacen girkinka!"
In kauce. Ai titin bai san sunana ba.

Sai daren da sama ta yi ja ba da magariba ba.
Nyiragongo ya buɗe baki.
Karnuka suka fara sani, sannan awaki, sannan mu.
Na ɗora Inna a kan katifa,
keken ɗinkin Kyakimwa a bayanta,
tukunya, jarka, akuya ɗaure tana zagin kowa.
A hanyar Sake motoci sun cushe hanci da wutsiya,
wannan ba mai, wancan ba hanya,
masu su na dukan sitiyari kamar shi ya yi laifi.
Ni ko na bi ta gefe, inda ƙafa take bi.
Itacen girki yana wuce ƙarfe,
wuta tana baya tana neman abincinta.

A gindin wani kwalbati na gan shi,
zaune, ƙafarsa mai ciwo a miƙe,
gizagonsa a cinya kamar jariri.
Ya ce, "Wuce, kayanka sun isa."
Inna ta matsa ba ta ce uffan ba.
Na ɗauke shi. Bai kai buhun gawayi ba.

Mun yi nisa, toka na sauka a gashinmu,
sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.
"Shekara arba'in ina sassaƙa su,
ban taɓa hawa ko ɗaya ba."
Can kuma ya yi tsit, ya karkata kunne.
Na zaci dutsen yake saurare.
Ya ce, "Ƙafar gaban nan tana ɗingishi.
Wane sakarai ne ya yi maka ita?"

Gari ya waye mana a bakin Kivu.
Ba wanda ya san ko gidansa na nan.
Mutane na ƙirga 'ya'yansu, suna sake ƙirgawa.
Shi ko ya sa na kifar da cukudu a kan yashi,
ya juya ƙafar da tafin hannu,
ya rufe ido ɗaya,
ya tofa yawu a bakin gizago,
ya ce, "Riƙe mini nan. Kada ka motsa."